Hayaƙin Gidan Tabawa

Tun da aka maƙala na'urar sunsunar hayaƙi a kan kowace katanga, aka daina tambayar mutum ko yana jin yunwa. Gidan da hayaƙi ya tashi, an ci. Wanda bai tashi ba, shi ke samun hatsin tallafi.

Gwaggo Tabawa ta je ofishin rabo da buhunta a ɓoye cikin mayafi. Ma'aikacin, Sadisu, ya duba allonsa.

"Gwaggo, ba ki cancanta ba. Kullum da la'asar murhunki na ci."

Ta waiga, ta rage murya. "Ɗan nan, ruwa ne. Tun rasuwar maigidana Malam ruwa zalla nake ɗorawa, don kada maƙwabta su ga gidansa ba hayaƙi."

Sadisu ya sunkuyar da kai. "Ita na'urar ba ta buɗe tukunya. Ki bar murhun ya huce na mako guda, sunanki zai fito."

"Unguwa duka tana kallo? Mutumin da baƙi ba sa yankewa a zaurensa, a ce wuta ta mutu a gidansa?"

"Dokar ke nan, Gwaggo."

Ta yi masa godiya ta fita. A hanya ta tsinci 'yan karare.

La'asar na yi, maƙwabciyarta Larai ta ɗaga murya ta kan katanga. "Sannu da aiki, Gwaggo! Yau me ake dafa mana?"

"Ɗan abin da ya sawwaƙa," in ji Tabawa.

Ta durƙusa ta ƙara hura wutar, har hayaƙin ya miƙe yadda kowa zai gani.