Allurar Fuka

Wata mata ta faɗo asibitin Mayahi a guje, goye da ɗiyar da fuka ta shaƙe. Farkon farin nan ta tsince ta inda sojoji ke rabon hatsi, ba uwa ba uba.

Likita ya ɗauko allura, sai ya dakata. "Maganin nan, wani jinin yana karɓa, wani ko gezau. Bahaushiya ce ko Buzuwa?"

"Tawa ce, likita! Yi mata!"

Ya yi mata. Can sai ƙirjin ya saki, ɗiyar ta ja iska har ciki, ta ce, "Inna, yunwa nike ji."

Duk shekarar nan ba wanda ya ji an ambaci yunwa ya rangaɗa guɗa, sai matar nan.