Kwat ɗin Marigayi

Kwat na bakwai ke nan da tsohon tela yake tsufarwa. Ya jiƙa shi a ruwan shayi, ya goge wuyan da dutse har ya yi gashi-gashi, ya shanya shi a rana kwana huɗu. Saura facin gwiwar hannu, wanda shi ne aikin gaske.

Duk ƙasar babu wanda bai san wannan faci ba. Yana jikin fastocin da ake mannawa a bango, yana jikin motocin haya, har da littafin 'yan firamare. Saboda shi ake kiran sabon Shugaban Ƙasa Mai Faci.

Labarin kuwa yara ma sun haddace. Mahaifinsa talaka ne, ɗan asalin ƙasa gaba da baya, ya rasu bai bar masa komai ba sai kwat ɗaya da ya yi wa faci da hannunsa. Da wannan kwat ya tsaya takarar kansila yana kuka a kan tarbiyyar da ta lalace. Da shi ya shiga majalisa, ya hana a taɓa duk abin da kakanni suka bari, har da ramukan titi. Da ya zama minista, sai ya gano cewa baƙi ne suka lalata tarbiyyar. Duk inda ya hau mumbari sai ya shafa facin, muryarsa ta yi rawa, ya ce, “Wanda bai riƙe ubansa ba, ta yaya zai riƙe ƙasa?” Tsofaffi su yi ta share hawaye.

Abin da ba a sa a littafin 'yan firamare ba shi ne tumbi. Kowane muƙami da nasa ƙarin, kwat ɗin marigayi kuwa dole ya bi. Saboda haka duk bayan shekara biyu ko uku Sakataren Mai Faci yakan ajiye motarsa nesa, ya ratsa bayan kasuwa da yadi a leda, zuwa wani shago mai keken ɗinki ɗaya da benci mai ƙafa uku da bulo.

Sakatare ya taɓa gwada manyan telolin gari, duk suka kasa. Ɗinkin facin a karkace yake, daga hagu zuwa dama, irin na bahago. Mai Faci da kansa ya kwatanta masa shagon tsohon.

“Baba, hannunka akwai albarka,” in ji Sakatare. “Wallahi kamar marigayin ne ya tashi ya ɗinka. Ko awo ba ka yi.”

“Kafaɗarsa ta hagu ta ɗan sauka,” tsohon ya ce, ya ciji zare. “Sauran kuma ina gani a talabijin.”

Wannan karon akwai wata takarda a ƙarƙashin keken. Dokar farko da Mai Faci ya sa wa hannu ita ce Dokar Asali: duk wanda ba a ƙasar aka haife shi ba, ya tattara cikin kwana talatin, sai in yana da ɗa ɗan ƙasa da zai sa hannu ya tsaya masa. Mulki kuwa, daga kansila zuwa sama, sai wanda ubansa ɗan ƙasa ne. Tsohon ya tsallako iyaka yana da shekara goma sha tara. A nan ya yi aure, a nan ya binne matarsa, can kuwa ko sunan unguwa ɗaya ba ya tunawa. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai taɓa ji ba. Saura kwana tara.

Ranar gwaji aka shigar da tsohon fadar Shugaban Ƙasa ta ƙofar masu wanki. Masu gadi suka ce sannu Baba, mai shara ta ce sannu Baba. Mai Faci yana tsaye gaban madubi, bai juyo ba.

“Malam tela, ka iso?”

Tsohon ya sa masa kwat ɗin, ya daidaita kafaɗar hagu, ya cire wani zare daga wuyan. Sai da Sakatare ya fita amsa waya sannan ya zaro takardar.

“Ranka ya daɗe, sa hannu ɗaya ne.”

Mai Faci ya kalli takardar ta cikin madubi. Ya daɗe yana kallo, har tsohon ya fara sa rai.

“Doka ba ta san fuskar kowa ba, Malam tela. In na yi wa mutum ɗaya, me zan ce wa sauran?” Ya shafa facin, kamar yadda ya saba. “Kafin ka tafi, ka ɗinka guda uku ka bari. Kowanne ya ɗan fi na baya faɗi.”

Ya kuwa ɗinka. Kwana takwas yana kan keke, bai yi ha'inci ko a maɓalli ɗaya ba. Bai taɓa iya jure ganin mutumin cikin kayan da suka matse shi ba.

Rana ta tara aka loda su a bas, shi da masu gyaran takalma da wata tsohuwa rungume da agogon bango. A ofishin kan iyaka wani jami'i mai jan ido yana cike fom, ko ɗago kai ba ya yi. Saman kansa an rataye hoton Shugaban Ƙasa cikin kwat ɗin marigayi, hannu a kan faci.

“Baba, tambaya ta ƙarshe. Kana da ɗa ɗan ƙasa da zai tsaya maka?”

Tsohon ya ɗaga kai ya duba hoton. Kafaɗar ta zauna daidai, ya ji daɗin haka.

“Ina da guda ɗaya, ga shi nan bisa kanka,” ya ce, “sai dai shekara ashirin ke nan yana gaya wa mutane na mutu.”