Wuyan Hannun Mai Lofe

Ƙwallon ya tashi ɗoɗar, ya tsallake kukar bayan bariki, ya sauka dab da rami. Sa'idu masinja ya yi tsalle har hularsa ta faɗi. Ko ranar aurensa bai yi irin wannan murna ba.

Di'on Haɗeja, wanda mutanen gari ke kira Mai Lofe, ya daɗe yana cin kunya a ƙwallon lambu, wasan Turawa na buga ƙwallo da sanda zuwa rami. Duk sanda ya kawo sanda sai wuyan hannunsa na hagu ya lanƙwashe, ƙwallo ya nufi fadama, kwaɗi su sha wahala. Turawan Kano har labarinsa suke yi a kulob.

Da damina doki ya kayar da shi, wuyan hannun ya karye. Likita yana Kano, ruwa ya cinye hanya, sai aka aiki Sa'idu Kaugama ya zo da shahararren maɗorin can. Ko rabin hanya bai kai ba kogi ya tare shi. A bakin ruwan ya ga wani tsohon Bafulatani, Bakari, da ƙullin karan ɗori a hammata. Masunta suka ce ai tsohon nan bai taɓa yin ɗori ya ƙi kamawa ba. Sa'idu bai tsaya dogon bincike ba. Ya kawo shi bariki, ya rantse wa Di'o cewa wannan shi ne na Kaugama. Ya san in ƙarya ta fito, rigar masinja ta bar wuyansa.

Aikin tsohon ma daban ne. Ya sa aka kwantar da Bature a gefe, ƙarti huɗu suka danne shi, aka ɗaure masa ƙafafu da igiya. Ya ja hannun ya miƙe shi sambal, ya ɗaure, yana ta shafa masa wuya yana ɗan fito. Da zai tafi ya ce a riƙa ba shi kanwa. Sa'idu ya ce a ransa, manya ke nan.

Hannu ya warke, sai dai wuyan hannun ya ƙage kamar muciya. Sa'idu ya rame don fargaba, har ranar da Mai Lofe ya sake ɗaukar sanda. Hannun da ba ya lanƙwasa ba ya karkatar da ƙwallo. Tun daga ranar bai ƙara jefa ko ɗaya a fadama ba.

Yau ga shi ya lallasa Razdan, babbansa daga Kano, a gaban jama'a. Nan take Mai Lofe ya ce Sa'idu ya zama shugaban masinjoji, Bakari kuma za a ba shi aikin ɗori na hukumar En'e gaba ɗaya. Aka shigo da tsohon cikin sabuwar riga. Sa'idu ne tafinta, bakinsa ya ƙi rufuwa.

Razdan ya juya hannun Di'o yana mamaki, ya ce a tambayi gwanin ko hannu nawa ya gyara irin haka. Sa'idu ya tambaya da fara'arsa, Turawa biyu suka zuba masa ido suna jiran fassara.

Bakari ya gyara sandarsa a kafaɗa.

"Ɗana, gaya musu na ɗan Adam kam wannan ne na farko. Ni ƙafar shanu nake ɗorawa."