Sallamar da Ba a Amsa Ba

Sa'ade, kin ce in sa albarka a wannan sana'a da za ki fara ta waya. Na sa, Allah Ya yi miki jagora. Amma kife wayar nan tukuna, in ba ki wani misali ki tafi da shi ɗakinki.

An yi wata mata mai haɗa kayan jego, garin kunun kanwa da yaji mai kimba da masoro. Ba ta da shago, wayarta ce kasuwarta. Takan zuba gari a faifai, ta kai bakin taga inda haske yake, ta ɗauki hoto ta ɗora. Masu sayen kayanta yawanci iyaye mata ne waɗanda 'ya'yansu suka haihu a garuruwa masu nisa, ƙafa ba ta kai su can ba, sai su aika da abin da ya sawwaƙa. Irin waɗannan ba su cika rubutu ba, murya suke turowa. Kin kuma san halinmu, kafin a zo kan maganar gari sai an yi sallama, an tambayi gida da yara, an ba da labarin yadda naƙuda ta zo. Ita kuwa tana tankaɗe tana saurare, ta mayar da murya, har ana jin turmi a bayanta. Ta yi barka, ta tambayi jikin mai jego, ta ce a riƙa ba ta kunun da ɗuminsa. Sai bayan nan a yi ciniki, ta ɗaure kaya ta kai tasha ta ba direba.

Allah Ya buɗa mata, saƙo ya yi yawa har tuwo yakan kama a tukunya tana saurare. Sai wata mai son ta da alheri ta nuna mata yadda ake saita waya ta riƙa amsawa da kanta. Kowa ya turo saƙo, nan take rubutu zai fito masa da jerin kaya da farashi. Ta ji daɗi, ta sami sararin daka. Ta sayo robobi masu murfi, ta liƙa musu takarda mai sunanta, ta sa aka yi mata hotuna kamar na kanti. Da kaka ta yi, ta zuba jarinta gaba ɗaya a buhunan gero, don tana ganin kasuwa gaba za ta yi. Sai kasuwa ta fara ja da baya. Ta ce ko hotunan ne ba su yi ba, ta sake wasu. Ta rage farashi. Shiru. Ga gero a jibge a ɗaki, ƙwari sun fara shiga, in ta sa hannu a buhu sai ta fito da gari. Ta san in damina ta same shi a haka, ita da sana'ar nan sai labari.

Ana nan ta je suna a wata unguwa, aka miƙo mata kunu a kofi. Kurɓa ɗaya ta gane ba garinta ba ne, alhali kakar jaririn tsohuwar mai sayen kayanta ce. Sai kakar ta matso ta dafa mata gwiwa, ba da faɗa ba, ta ce, "'Yar nan, kunun naki ya fi wannan, ban ɓoye miki ba. Amma na yi miki sallama na faɗa miki an sauka lafiya, sai wani rubutu ya fito. Na kai aka karanta min, aka ce kuɗin yaji ne. Na ce to, ko masu gidan sun tashi."

Ta koma gida, ta zauna ta buɗe muryoyin da suka taru ba ta saurara ba. Wata ta sami jika bayan dogon jira, tana dariya tana faɗa. Wata kuma murya a dashe, tana cewa a dakata da kayan, jaririn ya koma. Ita ma jerin farashi aka mayar mata. A nan mai kayan jegon ta yi kuka. Ta kashe abin da ke amsawa, ta fara kiran mai rashin, ta yi mata ta'aziyya ta nemi yafiya, ba ta ko ambaci gari ba. Sauran ta bi su ɗaya bayan ɗaya da muryarta, mai barka ta yi mata barka ko da yaron ya fara zama. Daga ranar ta ware bayan la'asar don amsa mutane, wanda ya turo da safe ya san zai jira, amma mutum ne zai amsa masa. Ba duka suka dawo ba, buhu guda ma sai kaji aka ba. Waɗanda suka dawo kuwa sun zo da ƙannensu da maƙwabtansu, geron da ya rage ya ƙare kafin ruwa ya sauka.

To ke ma ki gyara hotunanki su yi kyau, ban hana ki ba. Sai dai duk wadda ta turo miki saƙo, ki ɗauka a bakin ƙofarki take tsaye da takalmanta a hannu. Hausawa suka ce, shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.