Kogon Likita

Tun daga gindin dutsen, Sakatare yake nanata cewa bayan an ci abincin rana za a bi hanyar hagu, kuma shi zai shige gaba, kada kowa ya riga shi.

Shekara da shekaru yana ɗawainiya da ƙungiyar masu sha'awar kayan tarihi. Shi ke nemo mota, shi ke kafa tanti, shi ya san kowane kango da kowace rusasshiyar katanga a tsohon garin nan. Amma ko guntun tukunya bai taɓa tsinta ba wanda za a ce nasa ne.

Ƙanensa kuwa, likitan haƙori, wannan ne zuwansa na farko. Shi ma don ba ya aiki ranar Asabar ne ya biyo su, da takalmin ofis a ƙafarsa. Tun suna yara haka abin yake: yayan ya sha wahala, ƙanen ya sha yabo.

Ana cikin cin abinci Likita ya zaga bayan dutse zai kama ruwa. Can sai aka ji ihunsa.

"Yaya! Ku zo ku gani!"

A bangon wani ɗan kogo, ta hanyar hagu, ga zanen raƙumin dawa da jar ƙasa, ya miƙe wuya, mafarauta na biye da shi da baka. Farfesa, shugabar ƙungiyar, ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ta ce tun tana ɗaliba take zuwa wurin nan, ba ta taɓa jin labarin wannan zane ba.

Aka yi caa a kan Likita, wannan ya riƙe hannunsa, wancan ya ɗauki hoto. Matar Sakatare ma ba a bar ta a baya ba.

"Kai, ƙaramin miji, akwai ka da sa'a! Yayanka ya cinye takalma a duwatsun nan, kai daga zuwa fitsari!"

Kowa ya yi dariya. Sakatare na tsaye a bakin kogon, bai shiga ba.

Da safiyar Lahadi Farfesa ta tara su. Ta ce za a sa wa wurin suna Kogon Likita, za a kira 'yan jarida. Kuma ta kankari ɗan launin, za ta aika ɗakin gwaji a faɗi shekarunsa.

Kofin shayin Sakatare ya tsaya a leɓensa.

Likita ya jawo shi gefe. "Yaya, ni me na sani a harkar nan? A haɗa sunanmu mana. Kai ka kawo ni."

Sakatare ya daɗe yana kallonsa, shi da takalminsa da ko ƙura bai yi ba. Sannan ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"A'a, ba zan ci haƙƙinka ba. Kai ka gano, sunanka kaɗai za a buga. Da hotonka."

Farfesa ta ce irin wannan zuciya ta yi ƙaranci a zamanin nan. Matarsa har da ƙwalla.

Da ake loda kaya a mota, ya koma kogon shi kaɗai, ya tsaya gaban raƙumin dawan, ya karkata kai yana dubawa. Ƙafar nan ta baya har yanzu ba ta yi masa ba, duk da yawan gogewa da sake zanawar da ya yi mata a watan jiya.