Mariƙin Katako

Na ga garin katako a hannun rigar Baba.

Ƙananan bindigogin harbin saiti biyu ne a kan teburin kulob ɗinmu, sabon lasisina kuwa guda ɗaya ya yarje mini. Ga sabuwa marar nauyi, ga tsohuwar Baba, wadda zai miƙa wa 'yan sanda ranar Litinin idan ban ɗauka ba, tunda hannunsa ya fara rawa.

"Ɗauki sabuwar, 'yata," in ji sakatariyar kulob. "Waccan ta girme ki. Wa ma zai iya riƙe ta? Hannun ubanki kamar faranti."

Gaskiyarta. Shekara talatin yana sassaƙa mariƙinta na katako daidai tafinsa. Ina ƙarama, lokacin da nake tsince masa kwanson harsashi kowace Asabar, hannuwana biyu ba sa zagaye katakon nan.

Na ɗaga tsohuwar don mu yi sallama kawai. Sai yatsuna suka zauna daram, kowanne a gurbinsa. Katakon ya yi fari, sabuwar gugar magagari, an rage shi daidai tafina.

Na waiwaya. Baba ya ajiye mini abin toshe kunnensa a kan teburin, har ya kai bakin ƙofa.