Rediyon Aisha Humaira

Kullum ƙarfe goma saura kwata, Abba Gana zai rataya rediyonsa a kafaɗa, ya danna jarida a hammata, ya cusa goro a kumatu, ya fice. Wai zai je gindin darbejiya ya ji inda yaƙi ya kwana. Labarai dai sai sha biyu ake karantawa, amma matarsa Ya Fanna ba ta taɓa tanka masa ba. Fitarsa ita ce damarta.

Tun da rikici ya koro su daga Borno suka kama ɗaki a unguwar Bagadaza cikin Gombe, rediyo ne ke gaya wa unguwa yadda za ta wuni. Da sassafe sanarwar dokar hana fita, da hantsi cigiyar waɗanda gudu ya raba da danginsu. Ƙarfe goma kuma Anti Hilda ta buɗe shirin Ajin Gida, saboda yaran da tsoron bam ya hana zuwa makaranta.

Ya Fanna takan ɗauki farantin wake ta tafi ɗakin maƙwabciyarta Lois, wai tsinta, alhali Ajin Gida take bi a rediyon Lois. Waken nan ya yi wata huɗu ana tsintarsa. Alƙur'ani ta sauke tun tana budurwa, amma boko sai yanzu, da tsinken tsintsiya a ƙasa, daga baya da fensir. Aikin gida kuwa a wani akwati ake jefawa a bakin kasuwa. Nata takan sa masa suna: Aisha Humaira, shekara bakwai.

Ɓoyon dole ne. Ran da Abba Gana ya kama ta tana rera baƙaƙe a kan tukunyar tuwo, sai da ya ƙware don dariya.

"Fanna, da furfurarki? Boko ai tun ana yara ake yin sa, kamar mu."

Shi dai mai karatu ne, ga jarida shaida. Tabaransa ne kawai ya bari a Borno ranar gudu, shi ya sa ko takardar magani sai an kai wa Lois.

Aisha Humaira ta zama gwanar aji, in ban da wani shu'umin yaro, Danny, ɗan shekara takwas. Ta zo ta ɗaya, ya zo na biyu. Mako na gaba ya ture ta. Anti Hilda kuma sai lallaɓa shi take yi.

"Danny ɗana, daga hagu ake fara rubutu, ba daga dama ba. Kuma ka daina ciye-ciye a kan littafi, duk ka yi masa ja-ja."

Lois ta bincika a cocinsu, har unguwar Hammadu Kafi ta tambaya, babu Dannyn da ya amsa laifin. Ya Fanna kuwa in ta idar da salla takan nemi gafara don ta tsani ɗan mutane, ta roƙi Allah ya raya shi ya yi masa albarka, amma ya bar shi a na biyu.

Ranar Laraba aka yi sanarwa: gobe su biyun za su zo gidan rediyo su yi karatu kai tsaye. Wanda ya fi, a ba shi rediyo mai aiki da hasken rana.

Rediyo nata na kanta! Ba tsintar wake, ba jiran wani ya fita. Sai dai Gombe kaf za ta ji muryar 'yar shekara bakwai mai jikoki biyar, har da mutumin gindin darbejiya.

Allah da ikonsa, safiyar Alhamis Abba Gana ya sa babbar rigarsa, ya ce ɗaurin aure za shi Dawaki. Ya fita, ya bar rediyon a rataye. Ya Fanna ta yi hamdala sau uku, ta zura hijabi.

A ƙofar gidan rediyo maigadi ya caje jakarta saboda halin da ake ciki. Ya zaro fensir da abin fiƙe.

"Mama, ina yarinyar?"

"Tana tafe."

"Ina?"

"Cikin hijabin nan."

Da ta shiga ciki, Anti Hilda ta dube ta, ta dubi takardar hannunta, ta sake dubanta. Ba ta ko yi mamaki sosai ba, sai dai kafaɗunta da ke rawa kamar wadda ta yi dariya ɗazu ba ta gama ba. Ta zaunar da ita gaban makirfo, ta ce Danny na ɗakin jira, ya ƙi fitowa tukuna, kunya yake ji.

Jan fitila ta kama. Ya Fanna ta yi bisimilla a zuci.

"Jama'a, ni ce Aisha Humaira. Shekaruna hamsin da huɗu, Allah ya yafe mini sauran. Don Allah duk wanda ya san maigidana, kada ya gaya masa."

Sannan ta ɗora yatsa a kan layi ta karanta shafi guda cur, a hankali, ba tuntuɓe ko ɗaya. Mai kula da na'ura ya tafa mata ta bayan gilashi. Ta gyara zama, ta ɗaure fuska, tana jiran ta ga idon yaron da ya hana ta sakat wata huɗu.

"To masu sauraro," in ji Anti Hilda, tana danne dariya, "rediyon nan dai ko wa ya ci, ban ga asara ba. A shigo mana da Danny."

Ƙofa ta buɗe a hankali, sai ga babbar rigar ɗaurin aure, ga goro a kumatu, ga littafin Ajin Gida mai tabon ja-ja yana leƙowa daga cikin jarida.